Rigakafi

Kalmar haɗe ce: "riga", wato gabata, da "kafi", shingen itace da ake zagaye gari da shi, wanda ya bar suna a Kafin Hausa da Kafin Madaki. "Kafi" kuma ake kiran asirin da ake binnewa don tsare gari. Likitoci suka ari kalmar rigakafi, kuma aron ya dace. A Madarunfa, inda cibiyar bincike ta Epicentre ta fara gwajin ɗigon Rotasiil na gudawar jarirai a 2014, abin da ake nema ke nan: a riga cuta shiri.

Wani zai ce shinge makaho ne, yana tare kowa, alhali sojojin garkuwar jiki zaɓe suke yi. Gaskiya ne. Kowanensu ɗan gurbi guda yake cafkewa a jikin furotin, kamar VP7 da VP4 na ƙwayar rota mai jawo gudawar, kuma masana kan gano gurbin ta hanyar duba inda ƙwayar ta sauya har ta kuɓuce. Sai dai nauyin kalmar yana kan "riga": lokaci take nufi, kuma ɗigon da aka ba jariri bayan gudawa ta kama shi ya makara.