Chandra, Mai Gano Asalin Hasken Eksire

A watan Yuni na 1962, Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka daga White Sands a Amurka. 'Yan mintuna ta yi a sama, amma ta tsinkayi hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, yana kwararowa daga wajen taurarin Kunama. An ga haske, ba a san mai shi ba, sai a 1966 aka gano tauraron. Da aka harba tauraron ɗan'adam Uhuru daga gaɓar tekun Kenya a 1970, ya lissafo tushen haske 339, da yawansu ba a iya cewa ga abin da ke fitar da su, domin na'urar yanki guda take nunawa, taurari birjik a ciki.

Wannan ƙishirwa ce ta sa Giacconi da Harvey Tananbaum suka kai wa NASA shawara a 1976, a ƙera madubi mai kaifin gani. Tananbaum ya riƙe aikin hannu bibbiyu, ya shugabanci cibiyar kula da aikin da ke Kambirij a jihar Masacuset daga 1991 zuwa 2014. Ƙarancin kuɗi ya sa an rage madubai daga 12 zuwa 8 a 1992, amma kaifin ganin bai taɓu ba.

Ranar 23 ga Yuli 1999 kumbon Columbia, ƙarƙashin jagorancin Eileen Collins, ya ɗaga Chandra, tauraron ɗan'adam mai ɗauke da waɗannan madubai. Madubansa abin kallo ne. Hasken eksire ratsa madubi yake yi idan ya faɗa masa kai tsaye, shi ya sa aka yi su kamar bututu, aka shafe su da ƙarfen iridiyum, hasken ya gogi gefensu ya zame, kamar tsakuwar da yaro ya wurga a kan ruwa. Da wannan aka tabbatar da cewa hasken da ya game sararin sama, wanda Giacconi ya gani tun 1962, galibinsa daga manyan baƙaƙen ramuka yake da ke haɗiye iskar gas a tsakiyar gungun taurari. Tauraron INTEGRAL na Turai ma, da ya tsinto tushen haske da ƙura ta lulluɓe, sau da yawa Chandra aka riƙa nema ya nuna ainihin wurin.

Shi ya sa shawarar zaftare kuɗin Chandra da aka gabatar a 2024 ta ɓata ran masana, kuma suna da gaskiya. Har yau babu wani madubin eksire a sararin sama da ya kai shi kaifin gani, kuma ƙera magajinsa zai ci shekaru masu yawa.