Tarabulus a Idon Baƙo: Mai Zuwa ta Ruwa da Mai Zuwa ta Rairayi

Ƴan uwa ɗalibai, da wuya a yi zaman fada a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa a sha shayi har zubi na uku ba a ambaci Libiya ba. Wane ya tafi, wane ya aiko kuɗi, wane kuma shiru har yau. Sai mu riƙa magana kamar jiya aka buɗe hanyar. Alhali kuwa kakanninmu sun san Tarabulus tun kafin a san akwai wata ƙasa mai suna Nijar. Abin da nake so mu duba shi ne yadda birnin ya bayyana ga waɗanda suka fara ɗora ido a kansa, da kuma dalilin da ya sa labarinsu bai zo ɗaya ba.

Mu fara da sunan. Tarabulus kalmar Girkanci ce da Larabawa suka lanƙwasa, ma'anarta birane uku: Oya, da Sabrata, da Labda. Oya ce ta rayu ta gaji sunan duka ukun. Larabawa kan ce Tarabulus ta Yamma don a bambanta ta da ta ƙasar Labanan.

Tun cikin matafiya Musulmi na da, ra'ayi ya rabu. Al-Abdari, malami daga Maroko, ya bi ta nan wajen 1289 a hanyarsa ta hajji, bai kuwa yaba ba. Shi malamai da zaurukan karatu yake nema, ya ga ba su kai yadda yake so ba, sai ya kushe garin. Ba a cika shekara ashirin ba al-Tijani na Tunis ya zo, wajen 1307. Shi abin da ya fara kama idonsa farin gine-ginen ne cikin hasken rana, ya kuma faɗi cewa ana kiran garin Farin Birni. Ya yaba tsabtar tituna da tsarinsu. Ibn Baɗuɗa kuwa, da ya ratsa yana saurayi a farkon tafiyarsa, a Tarabulus aka kawo masa amaryarsa ta fari. To ka ji, gari ɗaya, mutum uku, kowa da abin da ya dame shi.

Birnin ya sha canjin hannu. Sifaniyawa suka kama shi a 1510, suka miƙa shi ga mayaƙan Kirista na Malta a 1530, Turkawa suka ƙwace a 1551. Daga 1711 gidan Karamanli ya riƙe sarauta har 1835, lokacin da Istambul ta dawo da mulki hannunta kai tsaye. A zamanin Karamanli ne Turawa matafiya suka fara yawaita.

Su ta ruwa suke zuwa, galibi daga Malta. Wata Baturiya da ta zauna a gidan ƙaramin jakadan Ingila, Richard Tully, daga 1783 zuwa 1793, ta bar wasiƙu da aka buga a 1816. Yadda ta kwatanta shigowarta ya zama kamar ma'auni ga na bayanta: daga cikin jirgi sai farar ganuwa da hasumiyoyin masallatai da ƙubbobi da itatuwan dabino, amma da an taka ƙasa sai lunguna ƙanana da tarin ɓaraguzai da suka sa hanya tudu da kwari. Kusan duk Baturen da ya sauka sai ya je kallon ƙofar nan ta farin dutse da aka gina don Sarkin Rum Markus Awreliyus wajen shekara ta 165, sai ya yi ta ƙorafi cewa ƙasa ta binne gindinta, mutanen gari kuma sun mai da ita wurin ajiyar kaya. Ku lura fa: Baturen nan Rum yake nema a Tarabulus. Mutanen da ke raye a gabansa, da kasuwarsu da masallatansu, sun zo masa a baya.

Ga wasu kuma birnin ƙofa ce kawai. Denham da Clapperton da Oudney sun sauka a 1821 zamanin Yusuf Basha, hankalinsu na kan Borno. Heinrich Barth da Overweg sun iso a farkon 1850, suka tashi kudu tare da James Richardson a watan Maris. Nachtigal ya tashi daga nan a 1869 da kyaututtukan Sarkin Furushiya zuwa ga Shehu Umar na Borno. Duk waɗannan, abin da suka fi rubutawa a Tarabulus shi ne cinikin raƙuma da neman jagora da jiran takardun izini.

Yanzu mu juya mu dubi ɗaya ƙofar, wadda ta shafe mu. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Damagaram, ya bi ta Abzin da Gat da Gadamus, ko wanda ya tashi daga Kukawa ya bi ta Bilma da Murzuƙ, watanni yake yi a hanya. Yana ɗauke da jar fata da hauren giwa da gashin jimina. Yana kuma kore da bayi. Denham ya ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyin hanyar Fezzan, na waɗanda ƙishi da gajiya suka kayar. Wanda ya tsira ya kai Tarabulus, farar ganuwar nan da ta burge mai jirgi ita ce alamar cewa kasuwa ta matso, daga nan kuma ana iya saka shi a jirgi zuwa Istambul ko Izmir. Daular Usmaniyya ta hana cinikin bayi baƙaƙe a 1857, amma an ci gaba da shi a ɓoye shekaru masu yawa. Dubban nan da suka shiga ta ƙofar kudu ba a ba su alƙalami ba. Shi ya sa idan aka ce “abin da matafiya suka fara gani a Tarabulus”, mu tambaya: waɗanne matafiyan?

Akwai dai mutum ɗaya namu da maganarsa ta tsira, kuma ɗan ƙasar Damagaram ne. Dorugu, haifaffen Dambanas, an kama shi yana yaro aka sayar da shi a Borno. Overweg ya fanshe shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hidimar Barth tare da abokinsa Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Da su aka je Tumbutu aka dawo, aka ƙetare hamada, aka shiga Tarabulus a ƙarshen Agusta 1855. Barth ya rubuta irin murnar da ya ji da ya hango bahar bayan sama da shekara biyar, don shi gida ya matso. Yaron da ke bayansa kuwa, wanda bai wuce shekara goma sha shida ba, kowane taku nesa da gida yake kai shi. Kwanaki kaɗan suka yi suka hau jirgi zuwa Malta, daga nan Marsai, Faris, har London a farkon Satumba. A Ingila wani mai wa'azin mishan, Schön, ya zaunar da Dorugu ya rubuta labarinsa da Hausa yadda yake faɗa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Mu masu karatun harshe ya kamata mu san cewa nahawun Hausa da Schön ya fitar a 1862 da ƙamusunsa na 1876 sun ci bashi mai yawa daga bakin yaron nan. Sunan Schön ne a bangon littafi. Dorugu ya dawo, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912.

Tarabulus ma ta bar mana sawu a gida. Takardar da malamanmu suka rubuta Alƙur'ani a kanta, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta tashar Tarabulus ta hau raƙumi. Fataken Gadamus sun zauna a Damagaram zamanin Sarki Tanimun. Kalmomi irin su bindiga da alharini da alkyabba, daga Larabci muka same su, tare da kayan da suke nufi. Hanyar ta mutu ne lokacin da Italiya ta kama Tarabulus a 1911, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a daidai wannan lokaci, fata da gyaɗa suka juya zuwa Legas.

Yau hanyar ta farfaɗo da mota maimakon raƙumi: Agadas, Dirku, Sabha, Tarabulus. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, aka yi ta mamaki kamar sabon abu ne. Kuma har yanzu mafi yawan abin da ake rubutawa a kan masu wannan tafiya, ƴan jaridar waje da ƙungiyoyin agaji ne ke rubuta shi, da Faransanci ko Ingilishi.

Kusan kowannenmu yana da wa ko ƙane ko maƙwabci da ya je ya dawo. Waya tana hannunmu, tana ɗaukar murya. Mu zauna da su, da yardarsu, mu tambaye su ta wace ƙofa suka shiga, me suka fara gani, me suka fara ci, wa ya fara yi musu magana da Hausa. Mu rubuta yadda suka faɗa, da karin harshensu, kada mu gyara musu baki. In sun yarda, sunansu ya hau bangon littafin tare da namu.