Riƙon Ɗa da Karatun Madabo

Wanda ya shiga birnin Kano ya tambayi unguwar malaman fiƙihu, Madabo za a nuna masa. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite; littafin zuriyarsu kuwa ya kai zuwan nasu zamanin Rumfa. Ko wanne ne, a Madabo karatu ya kafu, har sarautar Babban Malami ta tabbata can, Muhtasar na Sidi Halil ya zama abincin almajiransu.

To, 'yan makaranta, wannan karatu ya tarad da wata tsohuwar al'ada tamu, watau riƙo. In an yaye yaro, tun ba ɗan fari ba, sai kaka ko gwaggo ko wadda Allah bai ba haihuwa ba ta goye shi ta tafi. Uwa ba ta da bakin hanawa, gama kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunansa. Mutane su ce ba ta damu ba, alhali kuwa ita kaɗai ta san abin da ta haɗiye. Baba ta Karo, wadda aka buga labarinta a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, da 'ya'yan riƙo ta raya ɗakinta.

Fiƙihun da ake karantarwa a Madabo bai hana riƙo ba, iyaka ya ja masa. Asalin hukuncin labarin Zaidu ɗan Harisa ne, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa, har aka riƙa jingina shi gare shi, sa'an nan aya ta sauka aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Saboda haka ɗan riƙo ba ya sake uba, ba ya cin gādon mai riƙonsa, sai dai a yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Ba ya zama muharrami kuma sai an shayar da shi cikin shekara biyu na fari. Dubi Ingila: can sai 1926 aka yi dokar ɗaukar ɗa, ita kuwa ta cire hakkin iyayen asali ta ba waɗanda suka ɗauka.

Mu a ganinmu hukuncin namu ya kāre mahaifa ƙwarai, amma uwar riƙo ce ya bari da nauyi. Ita ce ta yi jinyar ƙyanda, ta tara kwanonin aure, kāna ran ɗaurin aure a tsallake mijinta a nemi waliyyi cikin dangin uba. In yaron ya riga ta mutuwa ya bar dukiya, uwar da ba ta taɓa kiran sunansa ba ita ke da sulusi ko sudusi, wadda ta goya shi ba ta da ko anini.