Kwalbar da Ta Sha Fashewa Kafin a Gane Kanta

Baƙin da ke sauko mana cikin ramukan alli na ƙarƙashin Reims da Épernay, a arewa maso gabashin Faransa, labari ɗaya suke zuwa da shi: wai Dom Pérignon ne ya ƙirƙiro shamfen. Tsofaffin sana'a ba su yarda ba. Malamin cocin nan ya riƙe ma'ajiyar gidan ibada na Hautvillers daga 1668 har rasuwarsa a 1715, gwanintarsa kuwa a wajen haɗa inabin gonaki daban-daban take. A zamaninsa kumfa aibi ce. Sanyi kan kwantar da yisti tun bai gama cinye sukari ba, ɗumi na dawowa sai ya farka cikin kwalba, ta tarwatse, ta ja na kusa da ita.

Turawan Ingila ne suka fara son kumfar, gilashinsu kuma da ake narkawa da wutar kwal ya fi ƙarfi. A 1728 Sarki Louis na 15 ya halatta jigilar giya a kwalba, shekara ta zagayo gidan Ruinart ya buɗe. Fashewa dai ba ta daina ba, har ma'aikata kan shiga rami da ragar ƙarfe a fuska. Sai a 1836 wani mai haɗa magunguna a Châlons, Jean-Baptiste François, ya fito da hanyar auna sukari. Yau giram 24 na sukari muke sa wa kowace lita, iskar da ke taruwa ciki ta ninka ta tayar mota.

Ni dai wadda nake ganin ta cancanci jinjina ita ce Madam Clicquot, da mijinta ya rasu ya bar ta a 1805 tana da shekara 27. Yisti in ya mutu yakan kwanta a gefen kwalba, ya gurɓata giyar. Wajen 1816, ita da shugaban ma'ajiyarta Antoine de Müller suka huda katako, suka riƙa soka kwalabe ta baki. Daga nan aikinmu na juya kwalabe ya samo asali. Hannu biyu, kwalba biyu: ka murɗa kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka ɗan girgiza, ka ƙara ɗaga gindin. Farin layin da aka shata a gindin shi ke nuna maka inda ka tsaya jiya. Ka ɗaga ɗaya gaban kyandir, ka ga gurɓin yana gangarowa wuya a hankali. Wajen mako shida ake yi. Sannan a daskarar da wuyan, a ɓalle murfi, iskar ciki ta cillo dattin waje. Ɗan sukarin da aka cike gurbin da shi ne ke yanke salo. Wadda ake kira brut ba ta kai giram 12 a lita ba.

Doka har yau ba ta yarda a tsinki inabi da inji ba, kuma ba a fitar da kwalba ƙasa da wata 15. Juyi kam, tun shekarun 1970 kejin ƙarfe ya karɓe shi, kwalba 504 a tashi ɗaya, cikin mako guda. Aikinsa yana kyau, ba na musu. Abin da ke damuna shi ne masu iya karanta gurɓi da ido sun yi ƙaranci, yawancin gidaje kuma kwalabensu mafi tsada kaɗai suka bar wa hannu.