Haɗarin jiragen sama na Roxholm (1941)

Haɗarin Roxholm karo ne da jiragen sama biyu na sojan ƙawance suka yi a sararin samaniya ranar 11 ga Disamba, 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a saman ƙauyen Roxholm da ke yankin Lincolnshire a Ingila. Ɗaya jirgin yaƙi ne samfurin Spitfire, ɗayan kuma jirgin koyon tuƙi ne samfurin Airspeed Oxford. Matuƙan biyu sun mutu, kowannensu yana da shekara 19.

Yadda abin ya faru

A lokacin yaƙin, Lincolnshire cike yake da sansanonin sojan sama. Cranwell, inda ake horar da sababbin matuƙa, da Digby da Wellingore, inda jiragen yaƙi ke tashi, duk suna kusa da juna, don haka ɗalibai da mayaƙa sarari ɗaya suke rabawa. Da hantsin ranar, John Gillespie Magee yana dawowa daga atisaye tare da wasu jiragen Spitfire na runduna ta 412 ta sojan saman Kanada. Suna gangarowa da gudu ta wata kafa a cikin gajimare, sai jirginsa ya yi karo da Oxford ɗin da ya taso daga Cranwell, a tsayin kimanin ƙafa 1,400. Wani manomi da ya ga abin ya shaida wa masu bincike cewa matuƙin Spitfire ɗin ya sha fama kafin ya buɗe murfin da ke kansa, ya yi tsalle, amma ya riga ya kusa ƙasa, laimarsa ba ta samu buɗewa ba.

Jiragen

Jirgin Magee Spitfire ne mai lamba AD291, mai inji ɗaya da mazaunin mutum ɗaya. Oxford ɗin kuwa lambarsa T1052. Irinsa ya fara tashi a 1937, yana da inji biyu, kuma mafi yawan jikinsa katako ne. An ƙera fiye da 8,500, saboda da shi ake koya wa waɗanda za su hau manyan jiragen jefa bam tuƙi da gane hanya da aikin rediyo. A cikin irin wannan jirgin ne shahararriyar matuƙiya Amy Johnson ta rasa ranta a bakin kogin Thames a watan Janairun shekarar.

Matuƙan

An haifi Magee a birnin Shanghai na ƙasar Sin ranar 9 ga Yuni, 1922. Iyayensa 'yan mishan ne, mahaifinsa Ba'amurke, mahaifiyarsa 'yar Ingila. Ya yi karatu a makarantar Rugby, ya samu gurbi a Jami'ar Yale, amma ya ajiye shi ya shiga sojan saman Kanada a watan Oktoba 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Ya yi horo a lardin Ontario, sannan aka tura shi Llandow a Wales don ya saba da Spitfire. A can ne, a watan Agusta 1941, ya fara rubuta waƙarsa "High Flight", wadda ya aika wa iyayensa cikin wasiƙa a watan Satumba. Ranar da ya mutu ita ce ranar da Jamus ta shelanta yaƙi a kan Amurka. An binne shi a maƙabartar Scopwick.

Waƙar ce ta sa ake tunawa da haɗarin. An baje ta a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 1942, kuma Shugaba Ronald Reagan ya ari wasu kalmominta a jawabinsa na 28 ga Janairu, 1986, bayan tarwatsewar kumbon Challenger.

Matuƙin Oxford ɗin, Ernest Aubrey Griffin, ɗalibi ne da bai kammala horonsa a Cranwell ba. Sa'an Magee ne, amma galibin rubuce-rubuce kan haɗarin ba sa ba shi fiye da layi ɗaya ko biyu.