Makirufo da Janareta: Tarihin da Ya Kamata Mai Buɗe Situdiyo a Yauri Ya Sani

Samari daga Yauri da Wara da Shanga sun sha aiko mini tambaya iri ɗaya: na tara 'yan kuɗina zan buɗe situdiyo a ɗaki, wane makirufo zan saya, kuma da wace na'ura zan haɗa shi? To, bari mu ɗan waiwayi baya, don amsar tana cikin tarihin abin.

A da, mawaƙin Hausa maƙogwaronsa ne lasifikarsa, ga kalangu, ga 'yan amshi. Da faifan garmaho ya zo, sannan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, ɗaukar murya ya zama aikin gwamnati da manyan kamfanoni. Ko Mamman Shata sai ya je inda na'ura take. Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, shi ya fara sauko da abin hannun talaka. A shekarun 1990 kuma finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, situdiyo irin na Iyan-Tama suka riƙa haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha. Yau kwamfuta guda ta isa. Na'urar ta iso ɗakinka, amma ɗakin gidan rediyo bai biyo ta ba. Riƙe wannan.

Makirufon da za ka tarar a kasuwa iri biyu ne. Na farko kondensa. Wani injiniya a Amurka, E. C. Wente, ya ƙirƙiro shi a 1916, kamfanin Neumann na Jamus ya fara ƙera shi da yawa a 1928. Gidajen rediyo da ɗakunan da aka toshe su ka tsit, nan ne gidansa. Kunnensa kamar na zomo, ba abin da ke wuce shi, kuma sai an ba shi wuta, yawanci bolt 48. Na biyu dainamik, irin Shure SM58 da ya fito a 1966 don dandalin waƙa. Shi wannan bakin da ke kusa da shi yake saurare, ba ya neman wuta, kuma yana jure faɗuwa.

Yanzu mu dawo gida. An gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa Gungawa da maƙwabtansu matsuguni don ƙasa ta sami lantarki. Duk da haka, har gobe janareta ne abokin aikin mai situdiyo a bakin wannan tafki. Ƙara da fanka, da injin niƙa, da babura, da injin jirgin ruwa. Na sha jin waƙar da yaro ya ɗauka da kondensa mai tsada, muryarsa zaƙwai, amma janaretan maƙwabci na yi masa amshi daga farko har ƙarshe. Ga laimar damina a bakin ruwa, wadda kan shiga kondensa ya riƙa ƙaraf-ƙaraf, ga ƙurar hunturu. Kuɗin da aka tara da sayar da kifi ko noman shinkafa bai kamata ya tafi haka ba.

Kada kuma wani ya ce maka dainamik na masu ƙaramin ƙarfi ne. Yawancin muryar Michael Jackson a faifan Thriller na 1982 da Shure SM7 aka ɗauka, shi ma dainamik ne.

Sai dai akwai sharaɗi. Sautin da dainamik ke fitarwa siriri ne, dole sai na'urar ƙara ƙarfi ta ɗaga shi kafin ya shiga kwamfuta. A da wannan na'ura tana cikin manyan teburan haɗa sauti masu tsada, irin waɗanda Rupert Neve ya yi suna da ƙerawa a Ingila. Shi ne ya kafa Focusrite a 1985, kuma yau ƙaramin akwatinsu Scarlett Solo, ko UMC22 na Behringer, yana ɗauke da ita a ciki. Amma ka lura: SM7B yana son ƙarin ƙarfi wajen desibel 60, in ka haɗa shi da akwati mai rauni sai ka murɗa har ƙarshe, ka riƙa jin shuuu. SM58 bai kai shi ci ba.

Don haka shawarata ita ce: ka sayi dainamik, da ƙaramin akwati mai shan wuta daga USB, da waya mai baki uku ta XLR. Ka cika batirin kwamfutarka, ka kashe janareta, ka rataya barguna a bango, ka matso da baki kusa. Ka kuma gwada kafin ka biya, don jabun SM58 sun cika kasuwa. Ranar da ka gyara ɗaki ya yi shiru, kondensa irin AT2020 yana nan yana jiranka.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.