Daga Dutsen Habude zuwa Bamiyan: Musulmi da Surorin Mutanen Da

A kogunan dutse da ke gefen Birnin Kudu, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu marasa tozo waɗanda suka girmi zuwan Musulunci yankin. Kusa da su akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su sai su yi ƙara kamar kuge. Bernard Fagg, wanda ya nazarce su a shekarun 1950, ya tarar da mutanen garin Musulmi ne, zanen kuma yana nan ba wanda ya kankare shi.

Ba haka aka yi da kowane abin gado ba a ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta a da. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shaihu Al-Maghili ya sa an sare itaciyar da ake tsafi a gindinta. Itaciyar tana da masu bauta a lokacin; shanun Habude kuwa masu su sun daɗe da shuɗewa.

Wannan bambanci shi ne aka yi jayayya a kansa a Bamiyan ta Afganistan. Can mabiya Buddha suka sassaƙa gumaka biyu a jikin dutse a ƙarni na 6 da na 7, ɗaya mita 55, ɗaya 38. Maziyarta sukan zo daga nesa. Malamin Sin, Xuanzang, ya isa wurin wajen shekarar 630. Bayan ƙasar ta musulunta, ziyara ta yanke, gumakan suka tsaya fiye da shekara dubu a hannun sarakunan Musulmi. Yaƙutul Hamawi ya ambace su a Mu'ujamul Buldan cikin abubuwan al'ajabi.

A watan Maris 2001 gwamnatin Taliban ta tarwatsa su. Masu goyon baya sun kafa hujja da hadisin da Muslim ya ruwaito na aiken Sayyidina Ali ya shafe surori. Tawagar malamai, ciki har da Shaihu Yusuf Al-Ƙaradawi, ta je Kandahar tana neman a dakata, bisa hujjar cewa sahabbai sun ci Masar suka bar gumakan Fir'aunoni, tun da ba mai yi musu sujada. Hujja ce mai nauyi, ko da yake ba ta sauya hukuncin ba.

Zanen Birnin Kudu yau yana cikin kayan tarihi na ƙasa. Abin da ke yi masa barazana shi ne ruwan sama, da masu rubuta sunayensu a jikin dutse.